Zubar jini bayan haihuwa a wani ƙauyen fadamar Haɗeja: bitar awa tara

Matar da wannan nazari ya shafa shekarunta 34, kuma wannan ne cikinta na tara: 'ya'ya shida a raye, ɗaya ya koma, ɓari ɗaya. An sakaya sunanta da na ƙauyensu. Ƙauyen yana cikin fadamar kogin Haɗeja a Jihar Jigawa, kilomita 7 daga cibiyar lafiya ta mazaɓa, kilomita 31 daga babban asibitin da ake ƙarin jini. Da rani tafiyar minti 20 ce a babur zuwa cibiyar. A watan Satumba kuwa, idan kogi ya kawo, ciyawar kachalla ta toshe masa hanya ya malala cikin gonaki, sai an tsallaka mashigi a kwalekwale.

Ta haihu a ɗakinta da ƙarfe 1:40 na dare. Ledar jini ta farko ba ta fara shiga jikinta ba sai 10:30 na safe. Ta rayu, amma da ƙyar da jiɓin goshi, kuma da yawa daga matan da suka bi irin wannan hanya ba sa kai wa ƙarshenta. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna mata wajen 82,000 ne suka rasu a Najeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma zubar jini yana sahun gaba a cikin dalilan. Amfanin bitar wadda ta tsira shi ne tana nan da ranta, ita da mutanen gidanta, za su iya faɗin abin da ya faru awa bayan awa.

Abin da ya wuce kafin naƙuda

Katin awonta ya nuna zuwa biyu, a wata na shida da na takwas. Ranar awo ɗaya ce a mako, kuɗin babur zuwa da dawowa daga aljihun mai gida yake fita, sannan macen da ta haifi bakwai a ɗaki ba ta ganin dalilin yawan zarya. Duk da haka ta zo. Wannan muhimmi ne, domin yana nufin sau biyu tana hannun ma'aikatan lafiya, sau biyu kuma ta fita da matsalarta ba a gano ba.

A zuwan farko an auna hawan jini, an samu 110/70, an auna tsayin ciki, an yi mata allurar rigakafin sarƙe-haƙora. Ba a auna yawan jininta ba, saboda na'urar tana nan amma tsinkayen da ake ɗiga jinin a kai sun ƙare. Inda babu na'ura, akwai abin da ba ya buƙatar sisin kwabo: a ja fatar ido ta ƙasa, a duba tafin hannu da harshe a hasken rana. Babu inda katin ya nuna an yi hakan. Mai ciki idan awon himogilobin ɗinta, wato sinadarin da ke sa jini ja, ya gaza 11 tana da ƙarancin jini, idan ya gaza 7 ya yi tsanani, dole a tura ta gaba tun kafin haihuwa. A awon PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, wanda aka fi sani a asibitocinmu, wannan ya yi daidai da wajen 33 da 21.

An ba ta ƙwayar ƙarin jini ta mako biyu. Ta sha ta kwana biyar ta ajiye, saboda tashin zuciya da baƙin bayan gida, ga kuma maganar da ke yawo tsakanin mata cewa ƙwayar tana sa ɗa ya yi ƙato ya gagari haihuwa. Da an gaya mata tun farko cewa baƙin bayan gida alama ce kawai ta sinadarin ƙarfe, cewa ta sha da daddare bayan tuwo, kuma kada ta haɗa da shayi domin shayi yana hana jiki tsotse shi, da wataƙila ta ci gaba. Bayanin minti biyu ne. Ƙwayar ta kullum ce har ƙarshen ciki, kuma ba wa macen da ba za ta dawo ba sai bayan wata biyu maganin mako biyu, an yi ne ba a yi ba.

Haka abin yake a maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda aka fi sani da Fansidar. Ƙa'ida ita ce ƙwaya uku a lokaci guda, daga mako na 13, a bar aƙalla wata guda tsakani, a samu aƙalla sau uku, kuma a haɗiye a gaban ma'aikaci. Ita sau ɗaya aka ba ta, a takarda, ta tafi da shi gida, domin babu ruwan sha da kofi a ɗakin awo. Akwai wani kuskure da ba a cika lura da shi ba: folik asid, maganin gina jini, mai miligiram 5 da ake yawan rabawa yana rage ƙarfin Fansidar. Wanda ya dace da mai ciki ta yau da kullum shi ne mai miligiram 0.4. Gidan sauron da aka ba ta, yara aka rataya wa. Ba a ba ta maganin tsutsar ciki ba, alhali mace ce mai shiga fadama ba takalmi, kuma albendazol miligiram 400 sau ɗaya bayan wata uku na farko ya isa.

A haɗa wannan da abincin damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai shigo ba, da tazarar wata 19 kacal tsakanin haihuwar baya da wannan, za a ga daga ina jinin ya tsiyaye tun kafin ɗigo ɗaya ya zuba a ƙasa. A zuwa na biyu ta yi ƙorafin jiri da haki idan ta ɗauko ruwa. Aka ce mata ciki ne ya tsufa.

Tambaya ɗaya ce ba a yi mata ba, wadda a ganinmu ta fi duk sauran nauyi: a haihuwar baya kin zubar da jini da yawa? Amsar ita ce e, har ta yi kwana goma ba ta iya miƙewa sai an riƙe ta. Macen da ta haihu sau biyar ko fiye, ta taɓa zubar da jini, ga ƙarancin jini, tana cikin waɗanda ya kamata a sa wa katinsu jan alƙalami, a kira mai gidan a yi magana da shi. Gaskiya ne zubar jini yakan afka wa macen da ba ta da ko ɗaya daga waɗannan alamu, shi ya sa kowace mai ciki take buƙatar shiri. Amma ta wannan matar a fili take.

Shirin haihuwa tambayoyi huɗu ne da ake amsawa a gaban miji tun ciki yana wata bakwai: a ina za a haihu, wace mota ko wane direba za a kira da tsakar dare, ina kuɗin da aka ware, su wa za su ba da jini. Na biyar, wanda ya fi dacewa da gidajenmu, shi ne mai gida ya faɗa da bakinsa a gaban mahaifiyarsa da sauran matan gidan cewa ya yarda a fita da ita ko yana nan ko ba ya nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daren

Naƙuda ta fara bayan sallar Isha'i. Ba ta gaya wa kowa ba sai abokiyar zamanta, domin a al'ada juriya a naƙuda abin yabo ne, ihu kuwa abin kunya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Jigawa da Kano mace wajen ɗaya ce cikin biyar take haihuwa a asibiti, don haka haihuwar ɗaki ita ce abin da aka saba, duk wani tsari da bai yi lissafi da wannan ba ya bar yawancin mata a waje.

Ɗa ya faɗo da 1:40, namiji, ya yi kuka. Mabiyiya ba ta biyo ba. Da 2:10 aka taso ungozoma, wadda aikinta a irin wannan ƙauye yanke cibi ne da wanka da binne mabiyiya, ba karɓar haihuwa ba. Ta ba mai jegon kwalba ta busa, ta danna mata ciki, daga baya ta ja igiyar cibiya. Wajen 2:30 mabiyiyar ta fito a yage. Ba wanda ya shimfiɗa ta ya duba ko ta cika, aka tattara aka kai bayan ɗaki.

Ga abin da ke faruwa a ciki. A ƙarshen goyon ciki, jinin da ke ratsa mahaifa ya kai rabin lita ko fiye a kowane minti. Idan mabiyiya ta rabu, bakin jijiyoyin da take manne da su a buɗe suke, kuma ba abin da ke rufe su sai naman mahaifar ya dunƙule ya matse su. Mahaifar da ta yi aiki sau da yawa takan yi sanyin dunƙulewa. Idan kuma wani yanki na mabiyiya ya maƙale, ko mafitsara ta cika ta tokare ta, ba za ta iya matsewa sosai ba. Wannan matar ta haɗa ukun. Zubar jini mai ƙarfi tana iya kashe mace cikin awa biyu. Nata ya zo ne da tsiyaya, sai ya tsaya, sai guda-guda su faɗo, kuma wannan ne ya ba ta lokaci, shi ne kuma ya yaudari mutanen ɗakin.

Da abokiyar zaman ta ce, "Inna, jinin nan fa ya yi yawa," surukar ta amsa da cewa a bari ƙazantar ta fita, in ta zauna a ciki ita ce ke zama ciwo. Ba mugunta ba ce. Abin da ta gada ke nan, kuma ta ga mata da yawa sun yi haka sun tashi. Matsalar ita ce ido ba ya iya auna jini, musamman a hasken fitilar waya, a kan ƙasa mai tsotsewa da tsummokara masu duhu. Ko a asibiti ma'aikata suna raina adadin. Iyakar da ake kira zubar jini ita ce mililita 500, wato cikin ledar ruwan sha guda ɗaya. Abin da ya kamata matan gida su sani a sauƙaƙe: idan zani ya jiƙe sharkaf aka sauya wani shi ma ya kama hanya, ko gudaje masu girman dunƙulen hannu suna fita, ko mabiyiya ta wuce rabin awa, ko mai jego ta ce tana ganin duhu, a fita da ita nan take.

Abu biyu ne za a iya yi a cikin ɗakin ba tare da asibiti ba. Na farko murza mahaifa: a ɗora tafin hannu ƙasan cibiya, a murza da ƙarfi har a ji ta yi tauri kamar ƙwallo, a maimaita duk minti 15, a sa ta yi fitsari, a sa mata jariri a nono. Na biyu ƙwayar misofurostol mai sa mahaifa ta dunƙule, wadda ma'aikata ke kira miso: ƙwaya uku masu maikirogiram 200, jimla 600, a haɗiye da zarar ɗa ya fito kuma an tabbata babu na biyu a ciki. Ba ta buƙatar firji ko allura. Tun 2006 hukumar NAFDAC ta yi mata rajista don wannan aiki, kuma a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa ba wa mai ciki ita tun a wajen awo ta ajiye, a wuraren da aka san za a haihu a gida ba ƙwararriya. Sharuɗɗanta dole a nanata su: ba a sha kafin ɗa ya fito, domin tana iya fasa mahaifa, ba a ɓare ta daga takardarta sai lokacin sha, domin danshi yana lalata ta, rawar ɗari da zazzaɓin da ke biyo baya suna wucewa da kansu. Masu tsoron cewa raba ta zai hana mata zuwa asibiti su dubi wannan matar. Ba a ba ta ba, ba ta kuma je ba.

Sai 3:15 aka tashi mai gidan, bayan ta yi yunƙurin zama ta sulale. Awa ɗaya da rabi ke nan da haihuwa. Bai yi gardama ba ko kaɗan. Yana da waya, amma ba shi da lambar direba ko ɗaya, kuma babu mota a ƙauyen. Mace a wannan hali ba ta zama a kan babur. Aka ɗaura wa shanu amalanke, aka shimfiɗa katifa, aka kai ta mashigi da 4:10. Mai kwalekwale yana kwana a ƙetare, sai da aka yi ta kira da haska fitila. A ɗaya gefen wani mai a-kori-kura da ke jiran lodin kifi ya ɗauke su. Sun isa cibiyar da 5:20, ƙofa a kulle.

A cibiyar mazaɓa

Manufar ƙasa ita ce kowace mazaɓa ta sami cibiya ɗaya mai aiki dare da rana, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko. Amma aikin awa 24 yana buƙatar mata ma'aikata da za su yi karɓa-karɓa, da ɗakin kwana, da wuta, da ruwa, da katanga. Wannan cibiya mace ɗaya ce a cikinta mai karɓar haihuwa, ma'aikaciyar lafiyar al'umma, tana kwana a cikin gari. Mutum ɗaya ba zai yi dare ya yi rana ba. Maigadi ya kira ta, ta iso da 5:45.

Abin da ta samu: bugun zuciya 128 a minti, hawan jini 80/50, hannu da ƙafa sun yi sanyi, ido fari fat, tana amsa magana da ƙyar, mahaifa a sake sama da cibiya. Akwai lissafi mai sauƙi da ya kamata kowane ma'aikaci ya riƙe: a raba bugun zuciya da lambar sama ta hawan jini. Idan ya kai 0.9, akwai haɗari. Nata 1.6 ne. Amfanin lissafin shi ne mace mai ƙuruciya takan riƙe hawan jininta daidai har sai ta yi asarar jini mai yawa, bugun zuciya ne ke fara tona asiri.

Ta yi abubuwa da dama daidai, kuma su ne suka riƙe ran matar. Ta murza mahaifa, gudaje suka fito. Ta sa robar fitsari ta zuƙe mafitsara. Ta ɗaga ƙafafun gadon, ta lulluɓe ta. Ta yi mata allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta dunƙule, yunit 10, ta sa yunit 20 a cikin ruwan da ta ɗaura. Mahaifar ta ɗan taurara ta sake sakewa.

A nan kaya ne suka ci amanarta. Oksitosin ɗin a aljihun tebur yake tun kafin zafin bazara. Magani ne da ake ajiyewa tsakanin digiri 2 zuwa 8, zafi yana cinye ƙarfinsa a hankali ba tare da kalarsa ta sauya ba, don haka mai allura ba ta da yadda za ta gane. Abin takaicin shi ne a ɗakin da ke kusa akwai firjin sola na allurar rigakafin yara yana aiki lafiya. An hana sa komai a ciki ne don tsoron kada a rikita kwalabe, alhali tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a iya ajiye oksitosin a irin wannan firji, a cikin akwatinsa daban mai rubutu a jiki. Akwai kuma wani magani mai irin aikinsa, kabetosin mai jure zafi, maikirogiram 100, amma shi na rigakafi ne lokacin haihuwa, ba na tsayar da jinin da ya riga ya ɓalle ba.

Kanular da ke akwai, wato robar da ake sakawa a jijiya don ƙarin ruwa, ta yara ce, lamba 22, mai shuɗin kai. Wadda ake buƙata lamba 16 ce ko 18, mai toka-toka ko koren kai, guda biyu, hannu da hannu, domin a tura lita ɗaya cikin minti 15 zuwa 20. Ta siririyar ruwan ɗiga yake yi. Ledar ruwa ɗaya ce a ɗakin haihuwa, sauran suna sito, makullin yana hannun wanda bai zo ba tukuna. Miso an saye shi ne a kemis bayan an buga wa mai shi ƙofa, aka sa mata ƙwaya huɗu, maikirogiram 800, a ƙarƙashin harshe. Maganin tiranezamik, wanda ke hana daskararren jini narkewa, babu shi. Ko da akwai, giram 1 ne ta jijiya a hankali cikin minti 10, kuma amfaninsa yana cikin awa uku na farko bayan haihuwa. Ita ta haura huɗu.

Duk waɗannan kaya za su shiga akwati guda da bai fi na takalmi biyu ba: kanula manya, ruwa leda uku, igiyar ƙarin ruwa, robar fitsari, safar hannu doguwa, miso, tiranezamik, sirinji. A rufe shi, a rubuta ranar da aka duba, a ajiye a ɗakin haihuwa ba a sito ba, a cike gurbin abin da aka ɗauka kafin a tashi aiki. Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, ya nuna cewa auna jini da leda mai ma'auni da ake shimfiɗawa ƙarƙashin mai jego, sannan a ba da duk matakan a tare maimakon a gwada ɗaya a jira, ya rage zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayanta da kashi 60 cikin 100. A asibitoci aka yi shi, amma darasinsa na a haɗa komai wuri ɗaya a yi a lokaci ɗaya ya fi zama dole a inda ma'aikaciya take ita kaɗai.

Da ta ga jinin bai tsaya ba, sai ta matse mahaifar da hannu biyu, dunƙulen hannu ɗaya ta ciki, ɗaya ta saman mara, ta riƙe. Sannan aka ɗaura mata rigar matse jini, wadda aka samu a cikin kwali ba a taɓa buɗewa ba tun da aka kawo. Riga ce ta roba mai sassa shida, ana farawa daga idon sawu a hauro zuwa mara da ciki, tana kora jini zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa tana kuma rage wanda ke zuwa mahaifa. Bugun zuciya ya sauko zuwa 112. Ba ta warkarwa, lokaci take saye. Kuskuren da aka fi yi da ita a wajen cirewa ne: ba a cire ta sai jini ya tsaya mace ta daidaita na awa biyu, a fara daga ƙafa, a bar minti 15 tsakanin sashe da sashe. Wanda ya fara buɗe ta ciki yana iya kashe mai jego nan take.

Mota ta samu da 6:50 daga tasha. Akwai tsarin da ƙungiyar direbobi ta NURTW take yi a jihohin Arewa, har da Jigawa, na direbobin sa-kai masu ɗaukar mata masu naƙuda a kan kuɗin mai kawai, amma ba wanda ya san lambar ko ɗaya a gidan ko a cibiyar. Ma'aikaciyar ta rubuta takarda mai ɗauke da lokacin haihuwa da duk abin da aka bayar da sa'arsa, ta shiga motar da kanta tana riƙe da ledar ruwa. Abin da ya rage shi ne kiran asibitin a waya kafin a tashi, da kuma ɗauko masu ba da jini a motar.

Jini

Sun isa 8:05. PCV 14. An cire ragowar mabiyiya, an ba ta oksitosin daga firji da maganin kashe ƙwayoyin cuta, mahaifa ta dunƙule, jini ya tsaya kafin 9:00. Aikin da bai kai awa ɗaya ba.

Saura jini. Rukuninta O ne, na mijin B, bai dace ba. Jinin da ke ajiye a asibitin kuwa ba a bayar da shi sai an kawo madadinsa. Aka koma waya ana neman 'yan'uwa. Ƙaninta ya zo a babur, wani ɗan'uwan mijin ya ƙi, yana tsoron kada ƙarfinsa ya ƙare ga girbi ya matso. Leda ɗaya mililita 450 ce, lafiyayyen namiji mai kilo 50 ko fiye yana iya bayarwa duk wata uku, ruwan jikinsa yana dawowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Kowace leda sai an gwada ta don ƙanjamau da ciwon hanta iri biyu da tunjere, sannan a gwada dacewarta da jinin mai karɓa, kuma wannan yana cin lokaci. Leda ɗaya tana ɗaga PCV da wajen maki 3 ne kawai. Ta sami uku cikin kwana biyu, aka sallame ta a kwana na biyar da PCV 24.

Da a ce an san rukunin jininta tun a wajen awo, an kuma san mutum biyu masu irinsa a dangi, da awa biyu da rabin nan sun koma minti 40. A wasu ƙauyuka matasa sukan yi ƙungiyar masu ba da jini, a gwada rukuninsu sau ɗaya, a rubuta suna da lamba a littafi a ajiye wajen mai unguwa. Idan liman ya yi bayani a masallaci ya kuma fara miƙa hannunsa, tsoron yakan ragu da sauri fiye da duk wata sanarwar rediyo.

Bayan sallama

Gidan ya sayar da awaki biyu da rago ɗaya, wanda aka tanada don suna. Kuɗin ya tafi ne a mota, da ruwa da magungunan da aka saya a waje, da gwajin jini, da abincin masu jinya. Awakin na matar ne, su ne jarinta, don haka ta dawo gida ba jini ba dukiya, ga jariri ga yaro ɗan wata 19 da aka yaye da wuri.

Kwamitin ci gaban mazaɓa, da dagaci da ma'aikatan cibiyar, suna da abin da za su iya yi ba tare da jiran gwamnatin jiha a Dutse ba: a rubuta lambar direbobi biyu da ta mai kwalekwale a bayan kowane katin awo; a yi yarjejeniya da mai kwalekwale ya riƙa kwana a gefen ƙauye daga Agusta zuwa Oktoba; a buɗe asusun gaggawa da kowane gida zai zuba mudun hatsi da kaka, a ranta a biya daga baya; mace mai jan kati ta koma gidan dangi a cikin gari tun wata na tara ya kama, kafin ruwa ya raba. Ungozoma kuma a jawo ta a jiki. Ita ce ake fara kira, kuma maganarta ce suruka ke ji. A koya mata murza mahaifa da barin jan cibiya da alamomin nan huɗu, a girmama ta idan ta rako mace asibiti, kada a yi mata tsawa a bakin ƙofa. Abin da ya fi ƙarfin mazaɓa shi ne ƙarin ma'aikata mata da wurin kwanansu, wannan sai ƙaramar hukuma da jiha.

Ita kanta mai jegon aikinta bai ƙare ba. Za ta sha ƙwayar ƙarin jini kullum na aƙalla wata uku, tare da wake da zogale da rama da hanta ko kifi idan an samu, a sake auna PCV bayan mako biyu da kuma mako shida. Ana son a gan ta a kwana na uku bayan komawa gida da cikin mako na biyu, a duba zazzaɓi da warin jinin biƙi. Wankan jego ba sai an hana ba, amma a rage zafin ruwan, ta yi a zaune da mai tsaya mata, a kuma rage kanwa a kunu, domin zuciyar da ke fama da ƙarancin jini ba ta buƙatar ƙarin gishiri. Kumburin ƙafa, tari da daddare ko kasa kwanciya sai an tada kai da matashi, alamun ciwon zuciyar bayan haihuwa ne, wanda ya yi yawa a Arewacin Najeriya, a kai ta asibiti ranar. A tambaye ta ko ruwan nono ya zo. Idan bai zo ba sam, daga baya kuma al'ada ta ƙi dawowa ga kasala mai yawa, ana zargin jinin da ta rasa ya taɓa wata halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran jiki, kuma wannan sai likita.

Maganar tazarar haihuwa an yi ta ne da su biyun a zaune kafin sallama. Aka ce masa, "Malam, jikinta yana buƙatar hutun aƙalla shekara biyu kafin wani ciki, kuma duk haihuwar da za ta sake yi, a asibitin da ke da jini za ta yi ta." Ya nemi a ba shi lokaci ya yi shawara da mahaifiyarsa. A ziyarar mako shida suka dawo tare, aka sa mata ashanar hannu ta tazarar haihuwa mai aikin shekara uku, aka yi wa jaririn allurarsa ta mako shida a rana ɗaya. PCV ɗinta a ranar 29.